SOTIGUI KOUYATE: Maroƙin da ya kai sana'ar kakanninsa har Barlin

A daren raba kyaututtuka na bikin finafinai na birnin Barlin, ƙasar Jamus, cikin watan Fabrairu na 2009, da aka kira sunan wanda ya zama gwarzon jarumi sai aka ga wani dogon tsoho siriri, mai dogon gashi tukku-tukku, ya miƙe a hankali ya nufi dandamali. Shekarunsa 72 a lokacin. Abin da aka saba a irin wannan wuri shi ne mutum ya karɓi kyautarsa, ya gode wa darakta da furodusa da iyalinsa, ya sauka. Shi kuwa wannan dattijo sai ya gyara tsayuwa ya shiga ba manyan taurarin duniya labari, sai ka ce jikokinsa ne suka kewaye shi a tsakar gida bayan sallar lisha.

Waɗanda suka san shi ba su yi mamaki ba. Sunansa Sotigui Kouyate (ana furta shi Sotigi Kuyate), kuma ba da labari ita ce sana'ar gidansu tun kaka da kakanni. Ya yi ƙwallo, ya yi wasan daɓe, ya fito a finafinai da dama a Afrika da Turai, amma duk inda ya je sai ya fara gabatar da kansa a matsayin jeli kafin ya ce shi ɗan wasa ne. Tarihin wannan bawan Allah yana da darasi babba ga duk matashin da ke mafarkin zama jarumi, ko darakta, ko marubucin fim.

WANE NE JELI?

A ƙasar Mande, wato yankin da ya haɗa Mali da Gini da yammacin Burkina Faso da Gambiya da wani ɓangare na Sanagal, akwai wasu gidaje da aikinsu shi ne riƙe magana. Su ake kira jeli, Faransawa kuma suna ce musu griot. Kalmar da ta fi kusa da su a Hausa ita ce maroƙi, sai dai aikin jeli ya zarce kirari da tumasanci. Shi ke haddace salsalar gidaje da tarihin sarakuna. Shi ke magana a madadin sarki a bainar jama'a. Shi ake aika neman aure, shi ke shiga tsakani idan gida biyu suka saɓa, kuma da wuya a yi suna ko ɗaurin aure ba a ji muryarsa ba. Mata ma suna yi, ana kiransu jelimuso, kuma su ne suka fi shahara wajen waƙa.

Sana'ar gado ce, amma gado kaɗai ba ya isa. Yaro yana tasowa yana bin ubansa ko baffansa wurin biki, yana saurare, yana haddacewa. Idan ya girma yakan bar gida ya je wurin wani babban jeli a wani gari ya ƙaro ilimi, kamar dai yadda almajiri ke tafiya gabas. Yana koyon kayan kiɗa: kora mai tsirkiya 21, ko ngoni mai kama da molo, ko balafon da ake yi da itace da ƙoruna. Yana koyon inda zai ɗaga murya da inda zai sassauta, da inda zai jefa karin magana, da inda zai sako waƙa don masu sauraro su huta. Sau da yawa akwai wani a gefensa wanda aikinsa kawai shi ne amsawa da “naamu” a ƙarshen kowace gaɓa, wato dai na'am ɗin da Bahaushe ya sani. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗin fada da 'yan amshinsa da sanƙirarsa zai gane tsarin nan take.

Gidan Kouyate kuwa shi ne kan gaba a wannan sana'a. Tarihin baka ya nuna cewa kakansu, Balla Fasseke Kouyate, shi ne jelin Sunjata Keita, sarkin da ya kafa Daular Mali bayan ya ci Sumanguru Kante da yaƙi a Kirina wajejen 1235. A garin Niagassola na ƙasar Gini akwai wani tsohon balafon da ake kira Sosso Bala, wanda aka ce na Sumanguru ne, kuma wani reshe na gidan Kouyate ne ke kula da shi. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2001. Haka nan shahararren littafin nan na tarihin Sunjata da Djibril Tamsir Niane ya fitar a 1960, wanda ake karantawa a makarantu da jami'o'i, daga bakin wani jeli mai suna Mamadou Kouyate aka ɗauko shi. Ka ga ke nan abin da farfesa ke koyarwa a aji, asalinsa daga ƙwaƙwalwar maroƙi ya fito.

DAGA FILIN ƘWALLO ZUWA GABAN KYAMARA

An haifi Sotigui a Bamako a ranar 19 ga Yuli, 1936. Asalin iyayensa daga Gini ne, amma a ƙasar da ake kira Haute-Volta a wancan zamani, wadda ta koma Burkina Faso a 1984, ya tashi. Shi ya sa yakan ce ƙasashen nan uku duk nasa ne.

Bai fara da fim ba. Ya taɓa ayyuka iri-iri, sannan ya yi suna a ƙwallon ƙafa har ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasarsa. A 1966 ne wani abokinsa, Boubacar Dicko, ya ja shi cikin wani wasan kwaikwayo, daga nan fa ƙwallo ta yi rashin ɗan wasa. Bai daɗe ba ya kafa ƙungiyarsa ta wasan daɓe, yana rubutawa yana shiryawa yana kuma fitowa.

Wani abin da zai burge masu karatu na Jamhuriyar Nijar shi ne, ɗan ƙasarsu ne ya taimaka wajen buɗe masa ƙofar fim. Marigayi Mustapha Alassane, darakta mai hikima wanda ya yi fice wajen finafinan zane kuma ya daɗe yana zaune a Tawa, ya sa shi a fim ɗinsa na 1972 mai suna ‘FVVA’. Haruffan nan suna nufin mace, mota, gida, kuɗi, wato abubuwa huɗun da ke hana samarin birni barci. Kai ka ce yau aka rubuta shi! Ya sake sa shi a ‘Toula’, fim ɗin da aka gina kan wata tatsuniya ta budurwar da aka sadaukar saboda fari.

A farkon shekarun 1980 ya fito a wani fim na zamanin cinikin bayi mai suna ‘Le Courage des Autres’, wanda kusan babu magana a cikinsa. Maroƙi guda, a fim ɗin da ba a magana! Amma tsayuwarsa da kallonsa kaɗai sun isar da saƙo, kuma ta dalilin wannan fim ne labarinsa ya kai kunnen wani babban darakta a birnin Faris.

BAƘAR FATA A LABARIN INDIYA

Daraktan shi ne Peter Brook, Bature ɗan Ingila da ya koma Faransa da zama, ya tara 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban a gidan wasa na Bouffes du Nord. A lokacin yana shirin wani gagarumin aiki: zai mayar da ‘Mahabharata’, doguwar hikayar nan ta Indiya, wasan daɓe. Masoya finafinan Indiya sun san labarin, yaƙin da aka gwabza tsakanin 'ya'yan wa da ƙani, Pandawa da Kaurawa, a kan gadon sarauta.

Sotigui aka ba matsayin Bhishma, dattijon gidan, jarumin da ya yi rantsuwar ba zai yi aure ba, ba kuma zai hau mulki ba, wanda a ƙarshe ya kwanta a kan kibau yana yi wa jikokinsa nasiha kafin ya cika. A shirin talbijin na Indiya da B.R. Chopra ya yi a 1988, Mukesh Khanna ne ya hau wannan matsayi. An fara nuna wasan Brook a bikin garin Avignon a 1985, a wani tsohon wurin fasa dutse, kuma tsawonsa awa tara ne. E, awa tara, mutane na zaune suna kallo! Daga baya aka zaga da shi ƙasashe, sannan aka mai da shi fim a 1989. Shahararriyar 'yar rawar Indiya, Mallika Sarabhai, ita ce ta fito a Draupadi.

Me ya sa mutumin Burkina Faso ya dace da labarin Indiya? Ai amsar tana cikin sana'ar gidansu. Wanda ya tashi yana jin tarihin Sunjata ya san sarautar da ta raba 'yan'uwa, ya san gudun hijira, ya san nauyin rantsuwa, ya san yadda dattijo ke magana idan duniya ta rikice. Bai buƙaci ya kwaikwayi Ba'indiye ba. Ya shiga labarin da abin da ya taho da shi daga gida.

Ya ci gaba da aiki da Brook shekara da shekaru. A 1990 ya fito a Prospero cikin wasan Shakespeare mai suna ‘The Tempest’. A 2004 kuma ya fito a Tierno Bokar, wani malamin Tijjaniyya na garin Bandiagara a Mali, wanda shi ne ya koyar da marubuci Amadou Hampate Ba. Shi Hampate Ba ɗin nan shi ne ya gargaɗi taron UNESCO a 1960 cewa mutuwar tsoho mai ilimin baka a Afrika daidai take da ƙonewar ɗakin karatu guda.

JELI DA MALAMIN MAKARANTA

Fim ɗin da ya fi nuna ko wane ne Sotigui, ɗan cikinsa ne ya shirya shi. Dani Kouyate, wanda aka haifa a Bobo-Dioulasso a 1961, ya karanta harkar fim a Wagadugu da Faris, kuma fim ɗinsa na farko mai tsawo shi ne ‘Keita! L'Heritage du Griot’, wato gadon jeli, wanda ya fito a 1995.

Ga yadda labarin yake. Wani tsohon jeli mai suna Djeliba (Sotigui) ya baro ƙauye ya taho birni da ƙafa, ya sauka a gidan wani ɗan boko daga zuriyar Keita. Ya ɗaura ragarsa ta kwanciya a tsakar gida, ya ce ya zo ne ya sanar da ɗan gidan, Mabo, ma'anar sunansa. Ya tarar da yaron yana haddar darasin makaranta da Faransanci. Da tsoho ya fara warware masa tarihin Sunjata, sai kyamara ta koma ƙarni na 13: ga ɓaunar da ta addabi ƙasar Do, ga maharba biyu 'yan'uwa, ga Sogolon mai ƙusumbi wadda aka kai wa sarki ya aura, ga ɗanta da ya kai shekaru yana jan gindi ana yi wa uwarsa gori, har ranar da ya miƙe.

To, ai ka san sauran. Labari ya shiga ran Mabo, karatu ya fara ja baya. Ya koma yana tara abokansa yana ba su abin da ya ji, su ma suka fara latti da fashi. Uwar yaro ta tayar da hankali, uban ya rasa ɓangaren da zai bi domin shi ma da haka aka raine shi, iyayen sauran yara suka zo da ƙorafi. Malamin makaranta, Fofana, ya zo ya roƙi tsoho ya dakata sai an yi hutu, saboda jarrabawa ta matso. Tsoho ya tambaye shi ma'anar sunansa, malam bai sani ba.

Gwanintar Dani ita ce bai mai da malamin mugu ba. Fofana yana da gaskiyarsa: tarihin Sunjata ba ya cikin manhaja, kuma yaron da ya faɗi jarrabawa ba wanda zai ba shi aiki don ya san kakanninsa. Djeliba ma yana da tasa: yaron da ya san tarihin kowa amma bai san nasa ba, ilimin nasa da saura. Kowanne malami ne, yaro ɗaya suke so, amma sun kasa zama inuwa ɗaya. A ƙarshe tsoho ya kwance ragarsa ya kama hanya ba tare da ya ƙarasa labarin ba. Ya bar wa yaron wani karin magana mai nuna cewa maharbi ne kullum ke cin galaba a kan zaki a labari, domin shi ke ba da labarin. Sauran tarihin kuwa, sai Mabo ya nemo da kansa.

Fim ɗin ya ci kyautar Oumarou Ganda, wadda ake ba fim ɗin farko mafi kyau, a bikin FESPACO na Wagadugu a 1995. Shi ma Oumarou Ganda darakta ne ɗan Nijar. Abin ban sha'awa, fim ɗin da ke ƙorafin an hana jeli shiga aji, shi ne ya zama abin nunawa ɗalibai a jami'o'in Amurka da Turai idan ana darasin tarihin Afrika. Uba da ɗa sun sake haɗuwa a 2001 a fim ɗin ‘Sia’, wanda aka ɗauko daga hikayar macijin Wagadu da ake ba budurwa duk shekara.

SANA'AR DA AKE KOYARWA

Sotigui bai tsaya ga fitowa a fim ba. Ya riƙa zagawa ƙasashe yana koyar da 'yan wasa da malamai da masu ba da labari, har Barazil ya je, inda aka yi fim ɗin gaskiya a kan ziyarar tasa. Abin da ya fi nanatawa a darussansa shi ne saurare. A ganinsa wanda bai iya saurare ba ba zai iya magana ba, kuma ɗan wasan da ke jiran abokin wasansa ya rufe baki kawai don ya faɗi nasa layin, bai fara wasa ba tukuna. A 1997 ya haɗu da wasu abokan aiki, ciki har da ɗan wasan barkwancin Mali Habib Dembele, suka kafa ƙungiyar Mandeka a Bamako. Daraktan nan na ƙasar Chadi, Mahamat-Saleh Haroun, shi ma ya yi fim a kan rayuwarsa, ya kira shi jelin zamani.

Wani ɗan nasa, Hassane Kassi Kouyate, shi ya riƙe ɓangaren ba da labari gadan-gadan. Ya kafa bikin masu ba da labari mai suna Yeleen, wato haske, a Bobo-Dioulasso a ƙarshen shekarun 1990, da wata cibiya da ake kira Gidan Magana. Masu ba da labari daga Afrika da Turai da sauran sassa sun sha haɗuwa a can, su yi wasa a dandali da unguwanni, su kuma koyar da na baya. A Faransa da Kanada da Ingila akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai wannan. Makaranta ko ɗakin karatu ko asibitin yara kan gayyace su, a biya su kamar yadda ake biyan mawaƙi.

Dalilin da ya sa malamai ke neman su a bayyane yake. Yaron da ke sauraron labari yana koyon natsuwa, yana tsintar sababbin kalmomi, yana gane cewa kowane abu yana da mafari da sakamako. Idan aka ce ya maimaita wa 'yan ajinsu, ya koyi tsayawa gaban jama'a ba tare da rawar murya ba. Kuma babu kyamara, babu lantarki, babu janareto. Murya ce da fuska da hannu biyu.

KOGIN LANDAN

Darakta Rachid Bouchareb, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya, ya yi aiki da Sotigui sau biyu. A ‘Little Senegal’ na 2001 ya fito a matsayin wani tsoho mai yi wa baƙi bayani a gidan tarihin bayi na tsibirin Gore, wanda bayan ya yi ritaya ya tafi Amurka neman jikokin danginsa da aka sayar. Na biyun shi ne ‘London River’, wanda ya kai shi Barlin.

An gina fim ɗin a kan harin bama-baman da aka kai Landan a ranar 7 ga Yuli, 2005, inda mutum 52 suka rasa rayukansu. Sotigui ya fito a Ousmane, wani Musulmi mai aikin kula da daji a Faransa, wanda ya zo neman ɗansa Ali da rabonsa da shi tun yana ɗan shekara shida. Brenda Blethyn kuma ta fito a wata Baturiya Kirista da ta zo neman 'yarta. Da farko ko gaisuwarsa ba ta son amsawa, har ta kai shi ƙara wurin 'yan sanda. Sannu a hankali suka gano cewa 'ya'yan nasu tare suke zaune. Yadda ta kaya, sai wanda ya kalla. Amma duk wanda ya ga fim ɗin zai shaida cewa maganar Ousmane ba ta da yawa. Da tafiyarsa da shirunsa yake karya zuciyar mai kallo.

Wannan wasa ne ya ba shi kyautar Silver Bear. A lokacin rashin lafiya ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Faris a ranar 17 ga Afrilu, 2010, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 73, aka kai shi Wagadugu aka binne. Tun daga 2016 aka fara ba da wata kyauta ta 'yan wasan Afrika a birnin, wadda aka raɗa wa suna Sotigui.

TO, INA RUWAN 'YAN FIM ƊIN HAUSA?

Ruwansu kuwa har da tsaki. Ƙasar Hausa ba ta rasa gwanayen magana ba. Akwai makaɗan fada da ke riƙe da salsalar sarakuna, akwai 'yan kama da 'yan gambara masu sa kasuwa ta tsaya cak, sannan akwai babbar malama, wato kaka, wadda da ta ce “ga ta nan, ga ta nanku” kowa zai nutsu, ba mai motsi sai an ji “ƙurunƙus”. A wurinta yara suka fara sanin wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi da ƙarshen kishiya mai mugunta.

An ma rubuta da yawa daga cikin wannan dukiya. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin da malamai suka rubuta masa a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin ‘Tatsuniyoyi da Wasanni’ don 'yan makaranta. Dakta Bukar Usman ya tattara ɗaruruwa a ‘Taskar Tatsuniyoyi’. Shi kuwa ‘Magana Jari Ce’ na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, ai tauraronsa ƙwararren mai ba da labari ne. Da labari aku ya riƙa tsare ɗan sarki, Musa, daga fita cikin haɗari, da labari ya zama waziri, kuma da labari ya tarbiyyantar da ɗansa Fasihi a littafi na uku. Gidan talbijin na NTA Kaduna ya taɓa mai da shi wasa. A zamanin kaset ma kamfanin Sarauniya na Kano ya ɗauko tatsuniyar ‘Daskin-da-Riɗi’ ya yi fim da ita, 'yan kallo suka karɓe ta hannu biyu-biyu.

Duk da haka, tun daga ‘Turmin Danya’ na 1990 zuwa yau, ƙorafin da ya fi kowanne daɗewa a kan finafinan Hausa shi ne na labari: ko a ce wankiya ce daga Indiya, ko a ce an fara da kyau an ƙare a gurguje, ko a ce waƙa ta faɗo inda ba ta da gurbi. A nan ne darasin jeli yake. A tatsuniya ma ana waƙa, amma sai yarinya ta shiga uku take rerawa, kuma waƙar ce ke tona asiri ko ta kira mai ceto. Cire ta, labari ya rushe. Furodusa zai iya gwada waƙar fim ɗinsa da wannan ma'auni kafin ya kashe kuɗin lokeshin.

Haka batun finafinai masu dogon zango irin su ‘Daɗin Kowa’ da ‘Kwana Casa'in’ da ‘Labarina’ da ‘Izzar So’. Dabarar katse labari a daidai inda ran mai kallo ya rataya, ai ita ce Djeliba ya yi wa Mabo, ita ce kuma kaka ke yi idan ta ce dare ya yi, sai gobe. Bambancin shi ne, mai ba da labari na gaske ya san inda zai sauka tun kafin ya buɗe baki. Wanda bai sani ba shi ke jan zango har 'yan kallo su gaji su watse.

Sotigui ya yi wasa a labarin Indiya, ya yi a na Ingila, bai ji tsoron aro ba. Amma ya je ne da nasa a hannu, shi ya sa aka ba shi wurin zama. Matashin da ke son shiga industiri yakan fara da tambayar kuɗin kyamara ko lambar wayar darakta. Da zai fara da zama gaban tsohuwar gidansu ya danna rikoda a wayarsa, da ya samu jarin da ba a sayarwa a Kasuwar Ƙofar Wambai. Tsofaffin nan kuwa ba jira suke yi ba. Kowace shekara ana rage su, kuma kowacce da nata labarin take tafiya.